Tutar da Ba Ta Kai Ƙoli Ba

Dalilin da ya sa tutarmu ta Jirgawa take tsayawa a tsakiyar sanda, ba ta hau ƙoli ba kuma ba ta sauko ƙasa ba, ba shi ne wanda ake gaya muku a makaranta ba. Na ji an ce malaminku ya ce wai alamar tawali'u ce, wai shuɗin ruwa ne, farin kuma zaman lafiya. To, Allah ya ba malam lada, ya yi ƙoƙari. Shuɗin dai ruwa ne, nan bai yi kuskure ba. Farin kuwa an ɗinka shi ne don a hango shi daga nesa. Ku matso, ku bar tsokanar juna, in gaya muku yadda aka yi.

A can da, lokacin da duk ƙasar Jirgawa ba ta wuce tsibirin nan guda na tsakiyar tafki ba, tuta aiki take yi kamar kowa. An kafa dogon itacen giginya a kan tudun bayan kasuwa, aka sa zoben ƙarfe a ƙolinsa, aka zura igiya. Da safe idan masunta za su fita, sai a ja tuta har sama. Tafkin nan kun san shi, kacala ta cika shi, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, hanyoyin cikinta kuma duk kama ɗaya. Wanda ya shiga, in bai ɗaga kai ya hango farin tuta ba, haka zai yi ta kewaye har ƙarfinsa ya ƙare. Idan jirgin ƙarshe ya dawo da yamma, sai a sauke ta a naɗe, kowa ya san gari ya cika.

Idan kuwa wani bai dawo ba, tuta ba ta sauka. Muddin tana sama, gari yana jira. Ba a kiɗa, ba a guɗa, don kada a danne muryar mai neman taimako daga cikin ciyawa. Ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a buɗe babban su na kamun kifi, domin duk mai ƙarfi yana wurin nema. Hanya biyu ce kawai ke sauko da ita. Ko dai a sami mutumin, a raye ko a mace, ko kuma wanda ya fi kusa da shi ya zo gindin giginyar ya ce da bakinsa, "Na haƙura." Daga nan sai Mai Tuta ya saki igiya, a yi wa ɓataccen salla, matarsa ta shiga takaba, gari ya koma harkarsa.

Mai Tuta na wancan zamani sunansa Tunau. Gadon gidansu ne, kuma in ban da shi babu mai taɓa igiyar, ko da Sarkin Ruwa ne. Mai Tuta ba ya shiga jirgi, aikinsa zama a gindin giginya yana duban ruwa, saboda haka Tunau ya tsufa bai taɓa ganin tutarsa daga nesa ba. Abin da ya gwanance a kai shi ne lallashi. Duk gidan da aka yi ɓata, idan nema ya yi tsawo, shi ke zuwa ya zauna a zaure, ya yi ta magana mai sanyi a kan ƙaddara da haƙƙin jama'a, har uba ya sunkuyar da kai ya biyo shi ya faɗi kalmar. An ce bai taɓa shiga gida ya fito hannu rabbana ba. Yana kuwa taƙama da haka, Allah ya jiƙansa.

Shi kansa ya san rashi. 'Ya'yansa ya binne su ɗaya bayan ɗaya tun suna goye, shi ne da aka sami na ƙarshe aka sa masa Barau, wato Allah ya bar musu wannan. Aka kuwa bar shi. Ya girma ya zama ƙato, mai yawan dariya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Uban ya so ya zauna kusa da shi ya koyi igiya, shi kuwa ya ce zaman gindin giginya sai ya tsufa, yanzu dai a bar shi da ruwa. Uwarsa ta rasu bayan ta ga aurensa, gidan ya rage daga Tunau sai Barau sai matarsa Lantana, wadda take da tsohon ciki.

A ƙarshen wata damina mai yawan ruwa abin ya faru. Tafki ya cika ya batse, kacala ta yi tsawon da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Masunta sun fita da safe lafiya lau, da azahar sai hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Tunau na riƙe da igiya, ruwa na dukansa, yana kallon jirage suna shigowa ɗaya ɗaya, wani ba filafili, wani rabinsa ruwa. Kowa ya dawo ban da Barau.

Aka shiga nema. Jirage suka bazu cikin kacala suna kira, su yi shiru su saurara, su sake kira. Gari ya yi tsit, ko daka ma mata a hankali suke yi. Aka yi kwana da kwanaki ba a sami komai ba sai malfarsa tana yawo a kan ruwa. Wanda ya tsinto ta ya kawo wa Tunau ita, kansa a sunkuye, shi kuwa ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce ai iska ce ta cire ta, malfa ba mutum ba ce. Bai yi kuka ba, don a wurinmu uba ba ya nuna zafin ɗa a gaban mutane. Sai dai ya daina komawa gida cin abinci. A gindin giginya ake kawo masa, ya ɗan taɓa ya ture.

Mako ya bi mako. Masu nema suka fara fita a makare suna dawowa da wuri. Kowa ya san abin da ya kamata a yi, amma wa zai je ya lallashi mai lallashi? Uban da zai ce ya haƙura da mutumin da zai saki igiya duk mutum ɗaya ne, kuma ya ƙi.

Can sai ruwa ya fara ja da baya. Ku yara ba ku san abin da wannan yake nufi ba, don yanzu shinkafa a buhu take zuwar muku. A lokacin nan, idan ruwa ya fara janyewa, kifi kan taru a cikin gurabu, a buɗe babban su, gari duka ya shiga da taru da koma. Kifin da aka kama aka banda a waɗannan 'yan makonni shi ake kai wa mutanen tudu a musanya da hatsin shekara. In aka makara, kifi ya bi ruwa ya koma zurfi, to shekarar yunwa ce. Masunta suna tsaye a bakin ruwa suna ganin karfasa da tarwaɗa na tsalle a gurabu, ba damar taɓawa, sai ɗan abin da ƙugiya ta kamo a gefe.

Sarkin Ruwa da kansa ya hau tudun. Sa'an Tunau ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ya zauna kusa da shi, ya ce, "Tunau, me zan gaya maka wanda ba kai ka gaya wa wasu ba?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, babu. Duk maganganun nan da bakina na ƙera su, na san inda kowace take da rami. Ba sa kama ni."

Sarki ya yi maganar su, ya yi maganar rumbunan da suka kusa ƙarewa. Tunau ya ce ya sani, a ƙara masa haƙuri, yaron nan ya san ruwa, yana nan wani wuri, kuma duk ranar da ya taso tutar nan zai nema. Sarki ya tashi ya tafi ba tare da ya sami komai ba.

Daga nan gari ya fara juya masa baya. Masu gaishe shi suka ragu. Wata tsohuwa da ya taɓa lallashinta a kan ɗanta ta hau tudun da sandarta, ta tsaya a gabansa ta ce, "Mai Tuta, ashe namu 'ya'yan ne masu arha." Ba ta ƙara komai ba ta juya. Maganar ta shige shi ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa, amma da yamma ta yi ya dubi igiya sai ya ji hannunsa ba zai iya ba.

Ana cikin haka Lantana ta haihu, ta sami ɗa namiji. Ranar suna ta zo ta wuce, ba rago, ba liman, ba suna, don tuta na sama. Mata suna kiransa jariri kawai. Sai yaro ya kama zazzaɓi, ya daina kama nono sosai, tsofaffin mata suka fara ƙus-ƙus cewa yaron da ba a ba shi suna ba bai san an karɓe shi ba, komawa yake yi. Ko gaskiya ne ko camfi, ni ban sani ba. Amma mutumin da ya binne jarirai da hannunsa ba ya jin irin wannan magana ya yi dariya.

Lantana ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba tun da aka kawo ta. Ran nan da hantsi ta fito da jegonta, ta hau tudun, ta durƙusa daga nesa da yaro a hannu. Ta ce, "Baba, ban zo in ce ka haƙura ba, ni ma ban haƙura ba. Amma kada yaron nan ya koma ba suna. In ubansa ya dawo ya tambaye ni, me zan ce na binne?"

Tunau ya dubi jaririn. Goshin Barau ne sak. Ya ce mata ta koma gida, rana za ta taɓa yaro. Ya wuni yana kallon giginya daga gindi zuwa ƙoli, zuciyarsa na ja nan tana ja can, har wata dabara ta zo masa, ya ji kamar an sauke masa kaya.

Da la'asar ya je zauren Sarkin Ruwa, inda dattawa da manyan masunta suke zaune. Ya ce ya zo da sulhu. Zai sauko da tuta zuwa tsakiyar sanda. Mutanen gari su ɗauka ta sauka, su raɗa suna, su buɗe su, su yi kiɗansu. Wanda ke kan ruwa kuma ya ɗaga kai ya ga tana nan tana jiransa. Kalmar nan kuwa ba zai faɗa ba, kuma ba za a yi wa ɗansa salla ba. Zaure ya ɗauki murna, kowa na cewa wannan ai hikima ce. Sai Tunau ya ɗaga hannu ya ce saura abu ɗaya.

"Ku kuke shiga ruwa, ni ban taɓa shiga ba. Daga tsakiya, ana hango ta a bayan kacala?"

Duk masuncin da ke wurin ya san amsar. A tsawon da kacala ta yi a shekarar, wanda ke zaune cikin jirgi ƙolin giginya kawai yake iya gani, shi ma sai ya miƙa wuya. Wannan ya dubi wancan, wancan ya dubi tabarma. Sarkin Ruwa ya gyara rawani, ya ce, "Fari ai fari ne, Mai Tuta. Ana ganinsa." Wani daga baya ya ce ana gani, wani ma ya ce ana gani. Ba zan ce muku mugaye ba ne. A ransu Barau ya daɗe da mutuwa, 'ya'yansu kuma da rai suna kukan yunwa. Amma sun sani, kuma sun yi shiru, wannan kam ba mai wanke su.

Washegari da safe Tunau ya sassauta igiya, tuta ta zamo a hankali, ya tsayar da ita a tsakiya ya ɗaure. Kafin hantsi an yanka rago, an raɗa wa yaro Haruna. Mata suka so su riƙa kiransa Audi, sunan da ake yi wa wanda bai tarar da ubansa ba, Tunau ya aika ya ce kada ya sake ji. Makaɗa da suka daɗe hannunsu na ƙaiƙayi suka fito da kalangu da ganguna, bikin suna da na buɗe su suka haɗu rana ɗaya, aka yi kiɗan da har tsuntsayen kacala suka tashi. Yaro ya sami sauƙi. Kifi ya kamu fiye da kowace shekara, hayaƙin banda ya rufe gari. Mutane suka dawo suna gaida Tunau, har da kawo masa manyan kifaye. Shi kuwa yana nan a gindin giginya yana duban ruwa, yana ganin ya raba gardama bai rasa komai ba.

Sai da rani ya yi nisa, ruwa ya janye har ana iya ratsa wasu wurare da ƙafa, sannan wani baƙo ya shigo gari. Bafulatani ne makiyayi mai suna Ja'e, wanda ya yi damina da shanunsa a wani ƙaramin tsibiri can yamma. Yana ɗauke da ƙwaryar man shanu, yana tambayar gidan Mai Tuta. Aka kai shi tudun. Ya gaida Tunau da fara'a, ya ajiye ƙwarya, ya ce tsaraba ce ya kawo wa abokinsa Barau, yaya ƙafar tasa, ta daina ciwo?

Mutane suka fara taruwa. Ja'e ya ga fuskoki sun sauya, ya ba da labari yadda yake. Bayan hadarin nan ya tsinci mutum a bakin tsibirinsa da karyayyar ƙafa, jirginsa ya tsage. Ya ɗora masa ƙafar, ya yi ta ba shi nono da fura har zazzaɓi ya sake shi. Shi Ja'e ba shi da jirgin kirki sai wani ɗan ƙarami na zagaya shanu, bai kuma san hanyoyin kacala ba, shi ya hana shi kawo labari. Da Barau ya fara takawa suka liƙe jirginsa, ya ce gida zai tafi, matarsa ta kusa haihuwa. Ja'e ya bi shi a nasa ɗan jirgin don ya taka masa. Suka yi tafiya mai nisa har inda Barau ya ce daga nan ake hango tutar garinsu. Ya duba, bai ga komai ba. Ya miƙe a kan ƙafa ɗaya ya sake dubawa, babu. Sai ga kiɗa yana tasowa daga gabas, kalangu da ganguna da guɗar mata. Ja'e ya ce masa ga gari can, ya bi kiɗan mana.

Wani daga cikin jama'a ya tambaya me Barau ya ce. Ja'e ya dubi ƙasa, ya ce Barau dariya ya yi.

"Ya ce da ni, 'Wannan ba garinmu ba ne, mun karkace. A garinmu ba a kiɗa in akwai wanda bai dawo ba. Kuma ubana ne Mai Tuta, ko shekara zan yi tana sama.' Ya ce in koma wurin shanuna, shi zai yi arewa ya fita fili, daga can zai hango ta. Muka yi sallama, ya juya jirgi."

Arewa kuwa babban ruwa ne, wanda ko masu lafiyayyen jirgi ba sa shigarsa su kaɗai. Kuma tun daga ranar hadari, kiɗa irin wannan sau ɗaya aka yi a Jirgawa. Lantana tana bayan taron da yaro a goye, ta ji komai. Ta zauna a ƙasa inda take.

A ranar jirage suka fita, duk wanda ke da filafili ya fita, har waɗanda suka ce ana gani. Suka yi arewa iyakar inda jirgi ke iya zuwa, suka yi ta kira har muryoyinsu suka dushe. Ba a sami jirgi ba, ba a sami gawa ba, ba a sami komai ba.

Sarkin Ruwa ya sake hawa tudun, wannan karon ba rawani. Ya durƙusa gaban Tunau ya ce sun sani tun ranar, shi ya fara yin ƙaryar. Ya ce a mai da tuta ƙoli, gari zai jira iyakar yadda Tunau yake so, ko da za a daina kiɗa har abada. In kuma ya fi so a sauke a yi salla, to a sauke. Tunau ya tsufa a 'yan kwanakin nan har ba a gane shi. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "In na ɗaga ta yanzu, wa zai gani? In na sauke kuma, na ce na haƙura, ni kuwa ban haƙura ba. A bar ta inda muka sa ta, ni da ku. Kowa ya fito da safe ya gan ta."

Haka aka bar ta. Masunta suka koma kafa sanduna a hanyoyin kacala suna ɗaura tsumma don gane hanya, domin babu mai fuskar da zai ce a ɗaga musu tuta. Tunau bai ga wata damina ba. Da rana tsaka aka tarar da shi jingine da giginya, fuskarsa na duban arewa. Ya tafi bai faɗi kalmar ba, Lantana ma har ta tsufa ta mutu ba ta yi takaba ba, ba ta sake aure ba. Da Haruna ya girma ya gaji igiyar, duk lokacin da ƙyalle ya tsufa ya yage sai ya ɗinka sabo, shuɗi da fari, ya ja shi zuwa tsakiya ya ɗaure. Daga baya ƙasa ta faɗaɗa ta haye tudu, aka sami ofisoshi da makarantu da sandunan ƙarfe, aka rubuta a doka cewa tutar Jirgawa a tsakiya take tsayawa, sannan aka zauna ana nema mata ma'ana mai daɗin ji.

Shi ya sa har wa yau, duk inda tutocin ƙasashe suka jeru suna kaɗawa a ƙoli, tamu tana nan ƙasa da su a tsakiyar sanda. Baƙo in ya sauka a garin nan ya gan ta, yakan rage murya ya tambaya wa ya rasu. In an tambaye ku, kada ku ce tawali'u. Ku ce babu wanda ya rasu, wani ne bai dawo ba.